Suna Linzami: Yadda Ake Tunawa da Janar Murtala Muhammed a Sunayen Wurare da Bakin Mutanen Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyar da take bi don kada sunan manyanta ya ɓace bayan ƙasa ta rufe musu ido. Waɗansu kan sassaƙa mutum-mutumi su kafa a tsakiyar gari, waɗansu kan gina hubbare, waɗansu kuwa kan ɗauki sunan mamacin su laƙaba wa titi ko makaranta ko asibiti. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wadda Bahaushen karkara ya karɓa daga cikin hanyoyin nan, da kuma yadda harshensa ya sarrafa ta. Za a ɗauki Janar Murtala Ramat Muhammed a matsayin misali, domin shi ne shugaban ƙasa na farko da Kano ta haifa, kuma ba a cika samun wanda aka yawaita sa wa wurare sunansa kamarsa ba. Yankin da za a mai da hankali a kansa shi ne karkarar arewacin Jihar Kano, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Ɗambatta da Kunci da maƙwabtansu.

Wannan yanki wani ɓangare ne na ƙasar da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana tun cikin shekarun 1960 da cewa tana cikin wurare mafiya cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, ba a barin saura, taki daga birni yake fitowa a bayan jakuna, hatsi da gyaɗa kuma su shiga birni. Saboda haka mutumin wannan karkara bai taɓa yin nisa da Kano ba, ko da kuwa a ƙauye yake kwana. Wannan kusanci shi ne mabuɗin fahimtar abin da zai biyo baya.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Mai Sunan

An haifi Murtala a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba 1938. Ya yi karatu a Midil ta Kano da Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Barewa, sa'an nan ya shiga soja a 1958, ya sami horo a Sandhurst ta ƙasar Ingila. Yana cikin manyan hafsoshin Arewa da suka yi juyin mulkin Yuli 1966, ya kuma jagoranci Runduna ta Biyu a farkon yaƙin basasa. A 1974 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya. Ran 29 ga Yuli 1975 aka hamɓare Gowon, Murtala ya zama shugaban ƙasa.

Mulkinsa bai wuce kwana ɗari biyu ba, amma an cusa abubuwa da yawa a cikinsa. An sallami ma'aikatan gwamnati fiye da dubu goma bisa zargin cin hanci ko ragwanci ko tsufa. An tsara ranar mayar da mulki ga farar hula, watau Oktoba 1979. Ran 3 ga Fabrairu 1976 aka ƙara yawan jihohi daga 12 zuwa 19, aka kuma yanke shawarar ɗauke babban birnin tarayya daga Ikko zuwa Abuja. A watan Janairu na wannan shekara ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa ya goyi bayan ƙungiyar MPLA ta Angola, duk da matsin lambar Amurka. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta suka harbe shi a cikin motarsa a Ikko, yana kan hanyar zuwa ofis, yana da shekara 37. Aka kawo gawarsa Kano aka yi mata sutura.

3.0 Dalilin da Ya Sa Babu Mutum-mutumi

Wanda ya zaga kasuwannin Badume da Ɗambatta da Dawanau ba zai ga gunkin Murtala ko na wani shugaba ba, haka kuma in ya shiga birnin Kano kansa. A waɗansu ƙasashe kuwa wannan shi ne abu na farko da ake yi. An kafa mutum-mutumin Kwame Nkrumah a Ankara tun yana kan mulki, da aka hamɓare shi a 1966 aka tumɓuke shi, sai a 1992 aka gina masa makwanci na alfarma a birnin. Turkawa sun gina wa Mustafa Kamal Ataturk ƙasaitaccen hubbare a babban birninsu, suka mai da gawarsa can a 1953. Rashawa kuwa har yau gawar Lenin na ajiye a Mosko ana zuwa kallo.

Abin da ya hana irin wannan a ƙasar Kano shi ne addini. Musulunci ya hana sassaƙa surar mai rai, ya kuma yi hani ga ɗaukaka kaburbura, don gudun kada girmamawa ta rikiɗe ta koma bauta. Kano kuwa tana da nata tarihi game da wannan batu, domin Tarihin Kano ya ba da labarin tsafin Tsumburbura da Barbushe a Dutsen Dala, da irin gwagwarmayar da sarakuna suka yi kafin su kau da shi. Saboda haka kalmar gunki ba ta da daɗin ji a kunnen Bakano, kuma duk wanda ya kafa siffar mutum a mararraba, da wannan kalma za a kira ta, komai kyan niyyarsa.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi abin da ake ganin yana amfanar mamaci. Sanannen hadisi ya nuna cewa aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa in ban da abu uku: sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mutum-mutumi ba ya cikin ukun nan. Rijiya tana ciki, masallaci yana ciki, makaranta tana ciki. Wannan ne ya sa in aka sa wa asibiti ko masallaci sunan mamaci, Bahaushe ba ya ganin baƙon abu, domin ya yi kama da abin da ya riga ya sani. Ko da aka tashi gina abin tunawa da shugabannin farko na Arewa, wannan hanya aka bi. Gidan Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna ya zama cibiyar binciken tarihi, watau Gidan Arewa, a 1970. Ginin da aka yi a kan kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, wanda aka buɗe a 1979, ba shi da siffar mutum. Kabarin Murtala kansa yana harabar masallacin da ke ɗauke da sunansa a unguwar Hausawa cikin Kano.

4.0 Tsohuwar Al'adar Raɗa wa Wuri Suna

Tun kafin zuwan Turawa sunayen mutane sun cika taswirar ƙasar Hausa, sai dai hanyar shigarsu dabam take. Ba wani mai iko ke zama ya yanke shawara ba; bakin jama'a ne ke raɗa sunan, kuma kusan kullum akwai alaƙa ta zahiri tsakanin mutumin da wurin. Wanda ya sari daji ya kafa gida, sai a ce Gidan Wane. In zuriyarsa ta yawaita sai a ƙara ɗafin jam'i na -awa, ƙauyen ya ɗauki sunan zuriyar. Wanda ya haƙa rijiya, ko ya saba zama a gindin wata bishiya yana sana'a, sai sunansa ya manne a wurin. A hanyar da ta fita daga Kano zuwa Katsina akwai Kurnar Asabe, inda sunan bishiya ya haɗu da sunan wata mace, ga shi har yau dubban mutane na ambatonsa kullum. A wajen manya ma haka abin yake: Gidan Rumfa sunan Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya ɗauka domin shi ya gina shi, kuma ana ce wa tsofaffin ganuwoyi da yawa Ganuwar Amina domin an yi imani ita ta sa aka yi su. Gidan Ɗan Hausa ya sami sunansa ne daga laƙabin Baturen da ya zauna a cikinsa, Hanns Vischer.

Wani abin lura kuma shi ne, a al'adar fadar Kano wani lokaci wuri ne ke ba sarki suna bayan rasuwarsa. Ana ce wa Sarki Abdullahi ɗan Dabo Maje Karofi domin a Karofi ya cika, ana ce wa Sarki Abbas (1903–1919) Maje Nasarawa. Wannan ya dace da alkunyar da ke hana kama sunan babba kai tsaye.

Al'adar ɗaukar sunan mutum a ɗora wa wurin da bai gina ba, bai kuma zauna a cikinsa ba, tare da mulkin Turawa ta zo, sa'an nan gwamnatocin bayan mulkin kai suka gaje ta. Misali mai kyau shi ne jami'ar Kano. An kafa ta a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka buɗe jami'ar Zariya a 1962 da sunan Sardauna, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A nan suna ya zama abin da hukuma ke bayarwa, ke sauyawa, ke kuma iya karɓewa.

5.0 Hanyoyin da Sunan Murtala Ya Shiga Karkara

Bayan kisan 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo da gwamnatocin jihohi suka shiga sa wa wurare sunan marigayin. Filin jirgin saman Ikko ya ɗauki sunansa, haka babban dandalin Kaduna inda aka yi hawan dabar bikin FESTAC a 1977, haka babbar gadar da ta ƙetare Kwara a Jamata kusa da Lakwaja, da tituna a Jos da Ilori da Binin da sauran birane. Motar da aka harbe shi a ciki tana ajiye a gidan tarihi na Ikko da ramukan harsashi a jikinta. A Kano akwai asibiti da titi da ginin ofisoshin gwamnati da ɗakin karatu da masallaci. Duk waɗannan a birane suke. Tambayar ita ce, ta yaya sunan ya isa wurin manomin Kunci ko masaƙin Minjibir? Ana iya ware hanyoyi huɗu.

5.1 Asibiti

Babban asibitin da ke kusa da Ƙofar Mata an kafa shi tun cikin shekarun 1920, kuma shi ne asibitin gwamnati mafi daɗewa a cikin birnin. Da aka sa masa sunan Murtala, sunan ya kama nan da nan, domin wuri ne da talaka ba ya iya kauce masa. In ciwo ya gagari asibitin Bichi ko na Ɗambatta, can ake turawa. In naƙuda ta yi tsanani, ko mota ta yi haɗari a hanyar Katsina ko ta Daura, can ake nufa. Shi ya sa jimlar “an wuce da shi Murtala” ta zama cikakkiyar magana a ƙauye, kuma mai jin ta ya san jiki ya yi tsanani. A nan sunan shugaban ya haɗu da fargaba da fata a lokaci guda.

5.2 Kuɗi

Ran 11 ga Fabrairu 1977 Babban Bankin Nijeriya ya fito da takardar naira 20 ɗauke da hoton Murtala. Ita ce takardar kuɗi ta farko da ta ɗauki hoton wani sanannen ɗan ƙasa, kuma ita ce mafi girma har zuwa fitowar naira 50 a 1991. A wancan lokaci naira ta fi dalar Amurka daraja. Bahaushe bai ɓata lokaci ba ya raɗa mata suna Murtala, ko 'yar Murtala, har ana ƙirga kuɗi da ita: Murtala biyar, watau naira ɗari. Abin mamaki a nan shi ne, al'ummar da ta ƙi siffar mutum a mararraba ta karɓi hotonsa a aljihu, domin hoton kuɗi ba wanda ke zaton za a bauta masa. Ta wannan hanya fuskar Murtala ta shiga kowace kasuwar ƙauye, ta shiga lefe da gudummawar biki da kuɗin sadaki. An sa Tafawa Ɓalewa a naira 5 a 1979, an sa Sardauna a naira 200 a shekarar 2000, amma babu wadda sunan mai hoton ya manne mata kamar ta Murtala.

5.3 Takwara

Hanya ta uku ita ce raɗin suna. Asalin sunan daga Larabci yake, watau Murtala daga kalmar da ke nufin wanda aka yarda da shi, kuma harafin ladi na Larabci ne ya koma l a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a alƙali da alwala da farilla da Ramalan. Sunan yana nan tun kafin janar ɗin, amma duk malamin da ya riƙe rajistar firamare a farkon shekarun 1980 ya san yadda masu sunan suka yawaita a cikin yaran da aka haifa bayan 1976. A al'ada kakanni da malamai da sarakuna ake yi wa takwara, don neman albarka da fatan yaro ya ɗauko hali. Shigar da soja, shugaban gwamnati, cikin wannan sahu shaida ce babba, kuma babu dokar da ta tilasta wa kowa yin haka. Cikin dukan abubuwan tunawa, wannan ne kaɗai talaka ya gina da kansa.

5.4 Lissafin Shekaru

Mutanen karkara da ba su da takardar haihuwa da manyan al'amura suke auna shekaru. Dattawan da suka gabata sun yi lissafi da yunwar Kakalaba ta wajen 1914 da 'Yar Buhu ta 1927. Na bayansu sun yi da zuwan Sarauniya a 1956, da kisan Sardauna, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Kisan Murtala ya shiga wannan jeri. In aka tambayi dattijuwa shekarun ɗanta, tana iya cewa tana goyonsa aka kashe Murtala. Nan mutuwar shugaba ta zama turke da ake ɗaure tarihin gida a jikinsa.

6.0 Yadda Harshe Ke Sarrafa Sunan

Sunayen hukuma da Ingilishi ake rubuta su, kuma dogaye ne. Bahaushe kan yi musu abu biyu. Da farko yakan juya tsarin, ya fara kawo abin da aka sa wa suna, ya liƙa masa -n ko -r, sa'an nan ya kawo sunan mutumin guda ɗaya: Asibitin Murtala, Gidan Murtala, Masallacin Murtala, Titin Murtala. Na biyu, in wurin ya shahara ƙwarai sai ya yar da kashin farko, sunan mutumin kaɗai ya rage, ma'ana kuwa ta dogara ga muhallin magana. “Ba ni Murtala” kuɗi ne; “kai ni Murtala” asibiti ne.

Wannan tsari yana haifar da wata rikitarwa da ta cancanci nazari. Ɗafin -n da -r shi ne dai na mallaka. A nahawu babu bambanci tsakanin Gidan Rumfa, wanda Rumfa ya gina ya zauna a ciki, da Gidan Murtala, wanda ofisoshin gwamnati ne. Saboda tsohuwar al'ada ta koya wa mutane cewa mai sunan wuri shi ne mai wurin, ba abin mamaki ba ne yaro ya ɗauka Murtala ne ya gina asibitin da ya girme shi. Ta haka sabuwar al'ada ke sanya rigar tsohuwa, mamaci kuma ya sami ladan aikin da ba shi ya yi ba a zukatan jama'a.

Kwatanci da sauran manyan Kano zai ƙara haske. Malam Aminu Kano ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Asibitin koyarwa da aka sa wa sunansa, Asibitin Malam ake ce masa, ba a kama sunan, domin a Kano in an ce Malam kawai an san ko wane ne. Alkunya ta bi shi har cikin sunan wuri. Gidansa na Gwammaja, inda kabarinsa yake, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, amma Mambayya ake ce masa. Filin jirgin saman Kano ma sunansa yake ɗauke da shi, amma maniyyacin da ya fito daga Makoɗa filin jirgi kawai zai ce, tun da guda ɗaya ne, babu buƙatar rarrabewa. Gidan namun dajin Kano sunan Audu Baƙo gare shi, gwamnan farko na jihar (1967–1975), amma kowa Gidan Zu yake cewa. Kasuwar Sabon Gari an sa mata sunan Muhammadu Abubakar Rimi, amma tsohon sunan bai gusa ba.

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ƙa'ida. Sunan hukuma yakan kama ne in ya cika sharuɗɗa uku: ya zama gajere a baka, ya zama yana rarrabe wurin da wani irinsa, kuma tsohon sunan bai riga ya yi jijiya ba. In ɗaya ya ɓace, sai allo ya faɗi wani abu, direban mota da kwandasta su faɗi wani, kuma nasu ne ke tafiya.

7.0 Abin da Suna Ba Ya Faɗa

Suna yabo ne a dunƙule; ba ya kawo hujja, ba ya karɓar tambaya. Tarihin Murtala kuwa yana da ɓangarorin da allo ba ya nunawa. Dakarun Runduna ta Biyu, wadda yake shugabanta, su ne suka shiga Asaba a watan Oktoba 1967, inda aka kashe ɗaruruwan fararen hula maza, kuma mutanen garin suna taron tunawa da wannan rana har yau. Yunƙurinsa na ƙetare Kwara zuwa Anaca ya ci rayukan sojoji masu yawa. Korar ma'aikata ta 1975, wadda talakawa suka yi murna da ita, masana da dama na ganin ta raunana aikin gwamnati, domin an haɗa mai laifi da marar laifi ba tare da cikakken bincike ba. Saboda haka sunan da ke da zaƙi a Bichi yana da ɗaci a wani wuri cikin ƙasa ɗaya. Wajibi ne malamin tarihi ya faɗa wa ɗalibansa duka biyun.

Haka kuma sa suna aikin siyasa ne, abin da siyasa ta ba da kuwa tana iya karɓewa. Birnin Leningrad ya koma tsohon sunansa a 1991. A watan Oktoba 2024 mahukuntan Nijar suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a Yamai suka sa na Djibo Bakary. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi shelar sa wa Jami'ar Legas sunan Moshood Abiola, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka ƙi, maganar ta mutu. A Kano ma an sa wa Jami'ar Northwest sunan Yusuf Maitama Sule bayan rasuwarsa a 2017, daga baya wata gwamnati ta mayar mata da sunanta na farko. Abin lura shi ne, cikin kusan shekara hamsin babu gwamnatin Kano da ta taɓa sunan Murtala. Mai yiwuwa gajartar mulkinsa da irin mutuwar da ya yi su suka ɗauke shi daga rigimar jam'iyyu.

Sai dai abin da siyasa ba ta taɓa ba, zamani yana ci. Takardar naira 20 da ta taɓa zama abin alfahari, yau a wurare da yawa ko ruwan leda guda ba ta saya, har ta fara wuyar gani a kasuwa. A 2007, da aka mai da ita ta leda, aka sa hoton Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayanta, aka kuma cire rubutun ajami wanda manomin da ya yi makarantar allo ke iya karantawa. Masu sunan Murtala na farko sun doshi shekara hamsin, dattawan da ke lissafi da shekarar kisansa kuma suna ta raguwa. Akwai yiwuwar nan gaba kalmar ta rage a matsayin sunan asibiti kurum, kamar yadda mai wucewa ta Kurnar Asabe ba ya tambayar ko wace ce Asabe.

A nan ne ya kamata a duba wani irin tunawa da ba ya buƙatar allo. Manomin arewacin Kano da ya manyanta yana tuna shekarar 1979, lokacin da gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, abin da Malam Aminu da 'yan NEPU suka daɗe suna fafutuka a kai. Mai noman rani a Watari ko Tomas yana danganta ruwan da yake ban gonarsa da shirin madatsun ruwa da aka faro zamanin Audu Baƙo, tun kafin a kafa kwalejin aikin gona mai sunansa a ƙasar Ɗambatta. Waɗannan ayyuka sun taɓa rumbu da aljihu, shi ya sa ba sa buƙatar mai tuni.

8.0 Kammalawa

An ga cewa karkarar arewacin Kano ba ta da ginin tunawa da Murtala, amma sunansa ya shige ta ta hanyar asibiti da kuɗi da raɗin suna da lissafin shekaru. An ga kuma cewa harshen Hausa ya ɗauki baƙuwar al'ada ya zuba ta a cikin tsohon mazubi, ya taƙaita abin da ya yi tsawo, ya watsar da abin da bai yi masa amfani ba. Hukuma ke rubuta allo, amma jama'a ke tabbatar da suna.

Akwai aiki a gaban masu nazarin harshe da tarihi. Birni yana ta cinye gonakin Ungogo da Dawakin Tofa, sababbin unguwanni na fitowa da sababbin sunaye, tsofaffin sunayen gonaki da rijiyoyi da burtali kuwa suna tafiya tare da dattawan da suka san asalinsu. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su tura ɗalibai ƙauyuka su tattara waɗannan sunaye da labaransu gunduma gunduma, tun masu bayani na da rai. Ya kamata kuma duk wurin da aka sa wa sunan wani a kafa ɗan bayani da Hausa, boko da ajami, mai faɗin ko wane ne shi, yaushe ya rayu, da abin da ya yi. Hausawa sun ce suna linzami ne. Amfanin linzami kuwa ya ja mai tambaya ya kai shi ga tarihin mai sunan, da daɗinsa da ɗacinsa.